Yadda ake zaɓen wurin taimakon masu amfani da manhaja mai buɗaɗɗen tushe: ɗakin hira ko dandali?

Duk wanda ya taɓa riƙon manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, ko da ƙarama ce, ya san rubuta ta ba shi ne babban aikin ba. Aikin yana farawa ranar da mutane suka soma amfani da ita, tambayoyi suka fara kwararowa. Ni na koyi wannan darasin a kan wani ɗan tsarin allon rubutu da muka haɗa don haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Muka buɗe ɗakin hira, muna murna. Ba a jima ba sai ga tambaya ɗaya tak tana ta dawowa: "Don Allah me ya sa ƙ ba ta fitowa a Ubuntu?" (Ubuntu wani tsarin sarrafa kwamfuta ne.) Na amsa ran Litinin, na amsa ran Laraba, ran Juma'a wani ya shigo da sallama ya sake yi. Amsar tana nan, amma gaisuwa da hotuna sun binne ta. Ga matakan da zan bi in da yau zan fara.

Mataki na 1: Ware tambayoyin da ake yi maka

Kafin ka kalli sunan kowane kamfani, ɗauki mako biyu kana rubuta duk tambayar da ta iso ka. Za ka ga sun kasu biyu. Akwai wadda amsarta ke mutuwa nan take: sabar (kwamfutar da ke ɗauke da aikin a intanet) ta faɗi ne, ƙarfe nawa za a yi taro, wa zai duba gyaran da na turo. Akwai kuma wadda wani baƙo zai sake yi baɗi: yadda ake girka manhajar, ma'anar wani saƙon kuskure. Kashi na farko na hira ne. Na biyu na dandali ne, inda kowace tambaya ke da kanta da shafinta, amsa kuma ta zauna a ƙarƙashinta. A yawancin ayyuka, kashi na biyu ne ke rinjaye, nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: Yi gwajin Google

Nan ne gizo ke saƙa. Mutumin da manhaja ta ƙi masa aiki da tsakar dare ba ya neman ɗakinku. Saƙon kuskuren yake kwafa ya liƙa a Google. Idan amsarka tana cikin manhajar hira irin Discord ko Slack, ba zai gan ta ba, domin injin bincike ba ya shiga waɗannan ɗakuna. Ko bayan da Discord ya ƙara tashoshi masu siffar dandali a 2022, sai wanda ya yi rajista ya shiga ne ke karanta su.

Slack ma ya fi haka tsanani ga wanda ba ya biya. Tun Satumbar 2022, tsarinsa na kyauta ba ya nuna saƙon da ya wuce kwana 90, kuma daga Agustan 2024 ya fara goge wanda ya haura shekara guda ɗungurungum. Ka ga ke nan, bayanin da wani ƙwararre ya ɓata awa biyu yana rubutawa, bayan wata uku ya zama kamar ba a yi ba.

Wannan ne ya sa manyan ayyuka suke ajiye muhimmiyar magana a fili. Masu harsunan rubuta manhaja na Python da Rust suna amfani da Discourse, manhajar dandali da Jeff Atwood, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya ƙaddamar da abokan aikinsa a 2013. Aikin LLVM ya koma kanta a 2022. Idan kuwa aikinka yana GitHub, shafin ajiye manhajoji, akwai GitHub Discussions da aka fara gwajinsa a 2020: kyauta ne, yana gefen manhajar, kuma ana iya yi wa amsar da ta yi aiki alama don mai zuwa ya gan ta a sama. Ga ƙaramin aiki, ni dai daga nan nake ba da shawarar a fara.

Mataki na 3: Tambayi kanka wa ke riƙe da makullin gidan

IRC, kakan ɗakunan hira, ya samo asali ne a Finland a 1988, a hannun Jarkko Oikarinen, kuma shekara da shekaru cibiyar IRC ta Freenode ce matattarar masu manhajar kyauta. A watan Mayun 2021 rikicin mallaka ya ɓarke, masu kula da ita suka ajiye aiki suka kafa Libera Chat, ayyuka irin su Ubuntu da Wikimedia suka tattara komatsansu suka bi su. Waɗanda suka ɗauka gidan nasu ne, sai suka gane ashe haya suke zaune.

Don haka kafin ka zaɓa, gwada abu ɗaya: za ka iya sauke dukkan tarihin maganganun ka kai wani wuri? Discourse da manhajojin hira na Zulip da Matrix duk buɗaɗɗu ne, kana iya ɗora su a kan sabarka. Mozilla ta rufe nata IRC a 2020 ta koma Matrix. Sai dai fa riƙon saba ba wasa ba ne. Akwai kuɗin wata, akwai sabuntawa, akwai adana kwafi. Idan babu wanda ya ɗauki wannan nauyin da sunansa, to babu mai yi.

Mataki na 4: Ƙirga masu gadi

Ɗakin hira yana son mutum a tsaye. Wanda ya yi tambaya ya ji shiru na awa uku zai ɗauka aikin ya mutu, alhali ku barci kuke, shi kuwa rana ce tsaka a ƙasarsu. Idan ku biyu ne ko uku, kowa da aikin da yake ci da shi, hira za ta cinye ku. A dandali, amsar gobe ba laifi ba ce.

Amma kada in zuga dandali fiye da kima. Sabon dandalin da babu kowa kamar kasuwar da ba ta ci ba ne, mai shigowa zai leƙa ya juya. Kuma sabon ɗalibi yakan ji nauyin rubuta tambayar da za ta zauna har abada da sunansa, ya fi sakewa ya yi ta cikin hira. Zumunci ma a hira yake ƙulluwa, daga nan ne mai tambaya ke zama mai taimako.

Mataki na 5: Duba na tsakiya

Zulip, wanda Dropbox ta saki a matsayin buɗaɗɗiyar manhaja a 2015, hira ce amma ana tsara saƙonni ƙarƙashin kanun magana. Masu gina Rust suna aikinsu a ciki. Yana da ɗan wuyar sabo a ranar farko.

Guruf na WhatsApp kuwa, wanda mu nan shi muka fi saurin buɗewa saboda kowa yana da shi kuma ba ya cin data, yana tsayawa ne a mutum 1,024, kuma lambar wayar kowa tana fili. Ya dace da sanarwa da kiran taro, bai dace da ajiyar ilimi ba.

Mataki na 6: Idan za ka haɗa biyun, raba musu aiki

Rubuta a saman fayil ɗin README, wato takardar bayanin farko ta manhajar, da layi biyu kacal, inda ake kai tambaya da inda ake hira. Kafin ka sanar da dandalin, zuba masa tambayoyi goma ko goma sha biyar daga waɗanda ka tara a mataki na farko, kowacce da amsarta, kuma ka sa ainihin saƙon kuskuren a kan maganar yadda Google zai kama shi.

Daga nan sai horon kai. Duk lokacin da aka yi tambaya mai nauyi a ɗakin hira, kada ka ce wa mutum "ba nan ake tambaya ba", korar baƙo ce. Rubuta amsar a dandali, ka dawo ka liƙa masa adireshin, ka ce: "Malam, ga shi nan, in bai yi ba ka faɗa mana a can." Tambayar ƙ ɗin nan tamu haka muka yi da ita, yanzu adireshin kawai muke turawa.