Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen tsarin zana fuskar allo a ƙananan na'urori

Mafi yawan masu rubuta manhajar da ake dasawa cikin na'ura, irin su injin wanki, na'urar auna jini ko allon mota, da ido suke zaɓen tsarin zana fuska. Sun ga bidiyon gwaji, hotuna suna sulɓi, sai su ce wannan ne. Ba su tambayi a kan wane irin guntu (chip, wato ƙwaƙwalwar na'urar) aka yi gwajin ba.

Lissafin ma'adana ya kamata ya zo farko, kuma shi aka fi tsallakewa. Allo mai ɗigo 800 a 480, idan kowane ɗigo ya ci bayit 2, yana bukatar bayit 768,000 don riƙe hoto ɗaya. In kana son ma'aji biyu don kada hoton ya riƙa yagewa, ka haura megabayit ɗaya da rabi. Mikrokontrola, wato ƙananan guntayen da ke sarrafa irin waɗannan na'urori, da yawa ba su da RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi) kamar haka a cikinsu. Mafita uku ce: ka rage girman allon, ka ƙara RAM ta waje, ko ka ɗauki tsarin da ke zana allon kashi-kashi. LVGL, ɗaya daga cikin tsare-tsaren zana fuska, na yin haka, ma'aji kamar kashi ɗaya cikin goma na allon ya ishe shi. Haka ma hanyar da hoton ke bi zuwa allon tana bukatar lissafi. Allon 320 a 240 da aka haɗa ta SPI (hanyar tura bayanai bi da bi daga guntu zuwa allo) mai gudun 40 MHz ba zai sabunta dukkan fuskarsa fiye da sau 32 a daƙiƙa ba, komai ƙwarewar tsarin da ka zaɓa.

Sai lasisi, wanda ake barinsa har kaya su kusa shiga kasuwa. LVGL yana ƙarƙashin lasisin MIT, babu takura. Tsarin TouchGFX kyauta ne, amma a kan guntayen STM32 na kamfanin STMicroelectronics kawai, tun bayan da STMicroelectronics ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro shi a 2018. Ranar da ka sauya guntu zuwa wanda ba STM32 ba, aikin fuskar ya koma farko. Tsarin emWin na kamfanin SEGGER da Qt for MCUs (tsarin Qt na mikrokontrola) na kuɗi ne. Qt na Linux kuwa, idan ka bi ta lasisin LGPLv3, dole mai sayen na'urar ya iya sauya Qt ɗin da ke cikinta da nasa, abin da ke wahalar da masu kulle na'urorinsu. A karanta lasisin a makon farko na aikin.

Akwai kuma masu ɗora Linux da Qt a kan na'urar da aikinta nuna lambobi uku ne. Sakamakon shi ne jiran kunnuwa da cin batir a banza.

Haruffa ma suna ba mutane mamaki. Yawancin tsararrun haruffan da ke zuwa da LVGL na Turanci ne zalla, don haka ƙ, ɗ da ɓ sai ka haɗa su da kanka. Larabci na bukatar rubutu daga dama da haɗe haruffa, Sinanci kuma na cinye ma'adanar filash, inda ake ajiye manhajar.

Idan kana aiki da FreeRTOS, tsarin da ke tafiyar da ayyuka da dama a kan guntu ɗaya, kada ayyuka biyu su taɓa LVGL a lokaci guda ba tare da makullin da ke sa ɗaya ya jira ɗaya ba, domin ba a gina shi don haka ba. Na'urar za ta riƙa sandarewa jefi-jefi, ka ɗora wa tsarin laifin da ba nasa ba.

Kafin ka yanke shawara, gina fuskar da ta fi nauyi a manhajarka, ka gwada ta a kan ainihin allon da guntun, ba a kwaikwayon kwamfuta ba, ka auna RAM da saurin zane.