Yadda za ka shiga harkar gwajin kutse tun daga tushe

Gwajin kutse shi ne kamfani ya ba ka izini ka gwada kutsawa cikin na'urorinsa don gano ramukan tsaro. Mutane da yawa da zarar sun ji ana maganar tsaron intanet sai su sauke Kali Linux (nau'in Linux mai cike da kayan aikin kutse) su buɗe Metasploit (manhajar kai hari ta ramukan tsaro) su fara danne-danne, bayan sati biyu sun gaji sun ajiye. Wallahi abin na damuna, don ba basira suka rasa ba, gaggawa ce kawai ta cuce su.

Ka fara da netwok. Ka san mene ne adireshin IP, ya DNS ke aiki, meye bambancin TCP da UDP, ka san SSH yana kan fot 22 shi kuma HTTPS kan 443 (fot ita ce ƙofa mai lamba da bayanai ke bi su shiga na'ura). Buɗe Wireshark, ka shiga wani shafi, ka zauna kana kallon bayanan suna kai da komo, a nan ne abin zai zauna maka a kai. Sai Linux, wasan Bandit na OverTheWire kyauta ne kuma zai sa hannunka ya faɗa da rubuta umarni.

Daga nan ka haɗa wurin gwajinka. Sa VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna wasu kwamfutoci a cikin kwamfutarka, ka ɗora Kali a gefe guda, Metasploitable (kwamfutar da za ka riƙa kai wa hari) a ɗaya gefen, ka tabbata netwok ɗinsu bai fita waje ba saboda ita Metasploitable da gangan aka cika ta da ramuka. Ka gwada Nmap a kanta ka ga fot nawa ne a buɗe, kowanne ka bincika me ke bayansa. Na ɓangaren shafuka kuwa akwai darussan PortSwigger kyauta tare da Burp Suite (manhajar gwada tsaron shafuka), sai shafukan atisaye irin su TryHackMe da Hack The Box.

Amma don Allah kar ka taɓa na'urar da ba taka ba sai da izini a rubuce, wanda ya fayyace inda za ka taɓa da inda ba za ka taɓa ba, ko da niyyarka taimako ce kotu ba ruwanta da niyyarka.

Abin da yawancin masu koyo ke rainawa shi ne rahoto, alhali shi kamfani ke biyan kuɗi a kai. Duk na'urar da ka fasa a gwaji ka rubuta: ga ramin, ga yadda na shiga mataki-mataki da hotuna, ga haɗarinsa, ga yadda za a toshe. Jarrabawar OSCP ma, wato wani babban satifiket na gwajin kutse, bayan kusan awa 24 kana fafatawa sai an ba ka wasu awa 24 na rubuta rahoto. Ka ajiye rahotannin gwajinka na gida a GitHub (shafin da ake ajiye aiki don wasu su gani), su za ka nuna ranar intabiyu.

Satifiket kuwa ka fara da Security+ na CompTIA ko eJPT, OSCP ya jira tukuna. Kuma kar ka raina aikin gyaran matsalolin kwamfuta a ofis ko zaman sa ido a ɗakin SOC (inda ake lura da hare-haren da ake kai wa netwok ɗin kamfani), da wuya a ɗauki sabon shiga kai tsaye a gwajin kutse, yawanci ta waɗannan ƙofofin ake bi.