Yadda nake tsare zuciyata a shagon ɗinki

Sana'ata ɗinki, a unguwar Bukoki cikin Yamai, kuma kowa ya san ba shadda da atamfa kaɗai ake kawo wa tela ba. Ana kawo masa labarin wance da wane, da saƙon murya na WhatsApp da za a kunna masa ko bai tambaya ba. A irin wannan wuri nake ƙoƙarin bin Karin Magana 4:23 ta Littafi Mai Tsarki, inda aka ce mutum ya tsare zuciyarsa fiye da kome, domin daga cikinta rai yake ɓuɓɓugowa. Abin da nake gaya wa matasan majami'armu shi zan faɗa a nan.

Kada ka tsaya a aya ta 23, ɗan'uwa. Ci gaba har ta 27. Za ka tarar ana maganar baki ya rabu da ƙarya, ido ya dubi gaba sosai, ƙafa kuma kada ta ratse dama ko hagu. Ashe ba a cikin tunani kaɗai ake wannan tsaro ba, har da abin da kake faɗa, da abin da kake kallo, da inda kake zuwa.

Da safe, kafin ka taɓa salula, karanta sura ɗaya. Littafin Karin Magana sura 31 ne, sai ka bi kwanan wata: ran 9 sura ta 9, ran 20 sura ta 20. In wata rana ta kuɓuce maka, kada ka ce sai ka rama, ɗauki ta ranar da kake ciki. Zaɓi aya guda wadda ta taɓa ka. Ni a bayan littafin awo nake rubuta tawa, don duk wanda zan auna sai na gan ta. Da yawanmu Faransanci muka koya a lekol, karatun Hausa yana mana nauyi, amma ka daure. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, kuma gargaɗi ya fi shiga jiki da harshen da uwarka ta yi maka faɗa da shi.

Sai kunne. Karin Magana sura 18 aya 8 ba ta ɓoye ba, ta ce tsegumi yana da daɗi kamar lomar abinci mai kyau, har can cikin ciki yake sauka. Aya ta 17 kuma ta ce wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo. Don haka in an fara yi da wanda ba ya nan, kada ka ce "sai me ya faru?" Wannan tambayar ita ce itacen da 26:20 ta ce in babu shi wuta mutuwa take. Ba sai ka yi wa'azi ko ka ɓata rai ba. Ni cewa nake, "Allah ya kyauta. Hajiya, wuyan rigar nan zagaye kike so ko mai kwana?" A fada ma, wato wurin zaman hira da shan shayi, haka ne, in hira ta koma cin naman mutane, ka sha shayinka na biyu ka yi sallama. Saƙon da ba ka san tushensa ba kuwa, ya mutu a wayarka.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗacin rai, kuma mu Kiristocin Nijar mun san shi. A watan Janairun 2015 an ƙona majami'u, ran 16 a Damagaram, ran 17 a nan Yamai. Gine-gine da yawa an sake tayar da su, amma akwai 'yan'uwa da har yau ba sa amsa gaisuwar maƙwabci da sakin fuska, suna cewa wai tsare zuciya suke yi. Ban yarda da su ba. A Markus 7:21-23 Yesu ya ce daga ciki, daga zuciyar mutum, mugayen tunani suke fitowa. Ko ka rufe ƙofa ka sa sakata, abin yana tare da kai a ɗaki. Ibraniyawa 12:15 ta yi kashedi game da saiwar ɗaci, wadda in ta tsiro takan ƙazantar da mutane da yawa, kuma 'ya'yanka ne farkon waɗanda za ta kama, tunda suna jin abin da kake faɗa a bakin tuwo.

Maganin da na sani shi ne na Romawa 12:18-21: ka bar ramuwa ga Allah, ka yi iyakar ƙoƙarinka ka zauna lafiya da kowa. A aikace, ka je suna, ka je ta'aziyya, ka gaida liman in kun haɗu a hanya. Wanda ya cuce ka, ka ambaci sunansa a addu'a, ka roƙa masa alheri ko da zuciyarka tana ƙi. Ka kuma gaya wa yara cewa a waɗancan kwanaki akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu.

Da yamma sai lissafi. Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kana cikin fushi, kuma a Yamai ba ka buƙatar agogo, kiran magariba zai tuna maka. Wa ya ɓata maka rai yau? In ɗan'uwa ne, Matiyu 18:15 ta ce ka same shi tsakaninka da shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ba kuma ta bakin matar fasto ba. In mai bashi ne da ya karɓi kayan salla ya ɓace, ka kira shi gobe ka tambayi kuɗinka da ladabi, wannan hakkinka ne, amma kada ka kwana kana yi masa shari'a. Damuwar kuɗin haya da na makarantar yara, faɗe ta ga Allah ɗaya bayan ɗaya tare da godiya, kamar yadda Filibiyawa 4:6-7 ta koyar, inda aka yi alkawari salamarsa za ta tsare zuciya da tunani. Daga nan ka karanta Zabura 139:23-24, ka bar salula a caji can nesa da shimfiɗa, ka kwanta.