Neman aiki a Damagaram idan ƙwaƙwalwarka na aiki daban

Masu otizim (lalurar da ke shafar mu'amala da mutane), masu ADHD (wahalar tsayar da hankali wuri ɗaya) da waɗanda haruffa ke rikice musu sun sha tambayata ta ina za su fara. Ga yadda nake shawarta:

1. Rubuta abin da ka iya da abin da ke gajiyar da kai, hayaniya ce ko yawan magana da mutane.
2. Tsara CV shafi ɗaya.
3. Ba wani ɗan'uwa ya duba maka Faransancin.
4. Tara takardun dosiye cikin jaka guda: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, diploma, hotuna.
Hattara: kaziye na kotu (takardar da ke nuna ko an taɓa yanke maka hukunci) yawanci ba a karɓarsa in ya wuce wata 3. Kada ka ciro shi sai ka ga sanarwar aiki.
5. Yi rajista a ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa.
6. Ware awa 1 kullum da sanyin safiya don neman, ka sa ƙararrawar waya. In ta buga, tashi. Mai yini a kai, sati ɗaya yake yi ya watsar.
7. In an kira ka ganawa, hau kabu-kabu ka gano wurin tun jajibiri. Ranar Alhamis kauce wa wajen Kasuwar Dole, cunkoso ya yi yawa.
8. Gwada amsoshinka da babbar murya gaban aboki.
9. A ganawar, nemi abin da zai taimake ka kai tsaye: "Ranka ya daɗe, a rubuta mini umarni, na fi riƙewa."
Hattara: ba dole ba ne ka faɗi sunan lalurarka. Ni dai na fi son a faɗi buƙata kawai.
10. Da ka koma gida, sha ruwa, ci abinci, kashe waya har la'asar.