Idan fitilun suwici suka haukace

'Yan uwa masu harkar netwok, idan intanet ɗin ofis ya tsaya cak, fitilun suwici (akwatin da ake soke wayoyin kwamfutoci don a haɗa su) na ƙiftawa tare babu ƙaƙƙautawa, kada ku yi saurin zargin kamfanin sadarwa. Galibi wani ne ya soke bakin waya guda biyun a suwici ɗaya. Saƙon Ethernet, wato wanda ke bin waɗannan wayoyi, ba shi da wa'adin ƙarewa, sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa har komai ya shaƙe.

Ku zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda fitilu suka lafa da cire ta, ita ce. Sannan ku kunna RSTP, tsarin suwici da ke gano irin wannan zagaye ya toshe shi, ku sa BPDU Guard (mai kashe rami idan saƙon RSTP ya shigo ta cikinsa) a ramukan kwamfutocin ma'aikata. Ƙananan suwici masu arha na ƙarƙashin tebur kuwa, yawancinsu ba su san STP, tushen RSTP, ba, can za ku fara leƙawa.