Yadda za ku fara kula da muhalli daga bakin murhu zuwa ƙofar gida

Duk wanda ya daɗe a Marwa, a arewacin Kamaru, ya san damin itace ba kuɗinsa na da ba ne. Masu kawo shi a kan keke da jaki suna ƙara nutsawa daji kowace shekara, kuma wannan nisan mai saye ne ke biyansa. Tafkin Cadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, kuma ba magidanci ɗaya ne zai mayar da shi ba. Amma murhun gida da kwandon cefane da ruwan alwala duk suna hannunmu. Shawarata ita ce a fara da abin da zai rage kuɗin cefane, domin shi ne ba za a yi kwana uku a watsar ba.

Mataki na farko, murhu. A nan zan daɗe, don nan ne asarar ta fi yawa. Murhun duwatsu uku a fili yake, iska na kwashe wutar ta kowane gefe, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 na zafin ba. Gyaransa ba ya bukatar ko sisi. Ku samo laka mai danƙo, ku haɗa da kashin shanu da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, ku cuɗa kamar za a yi yaɓe, ku rufe ta kwana biyu ko uku ta tsima. Sannan ku kafa duwatsun uku, ku ɗora tukunyar da aka fi girki da ita, ku gina bango kewaye da su har kusan wuyanta. Tsakanin tukunya da bango a bar kamar faɗin yatsa, ta nan hayaƙi zai fita yana lasar jikin tukunyar. A yanke ƙofar itace guda ɗaya ta gefen da iska ke shigowa. A cire tukunya, a bar ginin ya bushe a inuwa kamar mako guda. Wadda ta yi gaggawar hura wuta za ta ga ya tsage. Kowace tukunya da murhunta, wannan shi ne kawai aibinsa.

Ko kafin murhun ya bushe akwai abin yi. A jiƙa wake tun da dare. A rufe tukunya. A faskara itace ƙanana, kuma busasshe, domin ɗanye wani kaso na wutarsa a ƙone ruwan jikinsa yake ƙarewa. In ruwa ya tafasa a janye itace ɗaya, ƙarin wuta ba ya ƙara masa zafi. In an sauke, a turbuɗe guntayen cikin yashi don gobe. Ribar ba a aljihu kaɗai take ba: uwargida da yaron da ke goye a bayanta su ne ke shaƙar hayaƙin nan safe da yamma. Mai halin sayen tukunyar gas ya saya. Mutanen Njamena sun ji jiki lokacin da gwamnatin Cadi ta hana gawayi a ƙarshen 2008, gidaje da yawa ba su da abin da za su koma kansa. Gara a koyi tattali kafin dole ta koyar.

Na biyu, leda. Doka ta riga mu: Njamena ta tsaurara hana ta a 2010, Kamaru ta hana siraran ledoji tun 2014. Amma ku leƙa Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, da rani, ku ga abin da ke maƙale a yashi da ƙaya. Ledar da aka ƙulla ƙosai a ciki minti biyar take aiki, ta yi shekaru tana yawo. Ita ce ke toshe lambatu ruwan sama ya rasa hanya ya shigo zaure, ita ce mahauta ke cirowa dunƙule daga tumbin akuya. Maganin mai sauƙi ne, wahalarsa mantuwa. Ku rataye jaka ko kwando a ƙusa ɗaya da makullin babur. Yaron da aka aika sayen koko ko waina a miƙa masa kwano mai murfi, kamar yadda iyayenmu suka yi mana. Abinci mai zafi ma bai dace da leda ba. Abu ɗaya nake roƙo: a daina hura wuta da ita. Na san tana kamawa da wuri, amma hayaƙinta guba ne.

Daga nan sai shara. A raba ta gida biyu tun daga tsakar gida: mai ruɓewa da wadda ba ta ruɓewa. Mai ruɓewa, wato ɓawon albasa, ganye, kashin awaki da na kaji, a haƙa mata rami mai zurfin gwiwa a inuwa. Ana zubawa ana barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, ana yayyafa ruwa ta yi damshi ba jagwab ba, ana juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku za ta yi baƙi, warin ya tafi, kun sami taki. In ba ku da gona, masu lambun albasa ba za su ƙi shi ba. Ƙarafa da tsofaffin robobi kuwa masu gwangwan na saye.

Abu biyu ne ba sa shiga ramin nan ko wuta. Ɗaya, matattun batura. Biyu, galan ɗin maganin feshin auduga. A ƙauyukanmu sai ka ga an wanke shi an zuba ruwan sha ko man gyaɗa, alhali wanki ba ya fitar da dafin daga jikin robar. A ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin injin feshin, a huda gindinsa don kada wani ya yi sha'awarsa.

Lantarki ba sai na ja magana ba. Ƙwai mai farin haske da ake kira LED bai kai rubu'in wutar tsohon ƙwai mai zafi ba, fitila mai cajin rana kuma ta raba ku da sayen batur.

Na ƙarshe shi ne ruwa da bishiya, don tare suke tafiya. Ku lissafa butar alwala nawa ake zubarwa a gida mai mutum goma, sau biyar a rana. Wannan ruwan ya ishi bishiya ɗaya ta rayu har a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Saboda haka a shuka ta daidai inda ake alwala. Ruwan wanki mai sabulu a ba manyan itatuwa, kada a zuba wa alayyahu ko zogalen da za a ci. Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Rami ya kai kamu biyu faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar da takin nan naku, a yage ledar dashen kafin a binne, a yi kwarmi kewaye don ruwa ya tsaya. Sai shinge, da ƙaya ko tubali. Dashe marar shinge sadaka ce ga akuyar maƙwabci, kuma ba ita hadisin Buhari da Muslim ke nufi ba da ya ce abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi. Sai bishiyar ta rayu tukuna.

Wace za a shuka? Darbejiyar da ta lulluɓe titunan Marwa da inuwa tana jure fari, awaki ma ba su cika damunta ba, sai dai a nisanta ta da bango saboda saiwa. Zogale cikin 'yan watanni ake fara cin ganyensa. Shirin gwamnatin Kamaru na dashen itatuwa, Sahel Vert, da aka farfaɗo da shi a 2008 yana dasa nasa a filaye, amma ta ƙofar gida ita ce ke da mai ba ta ruwa.

Manomi kuwa ba sai ya sayi dashe ba. Lokacin sharar gona, kututturen da ke tohowa kada a sare shi duka. A zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a datse sauran a kai gida a yi girki. Saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa, don haka ya fi sabon dashe saurin tashi. Haka manoman Maraɗi da Damagaram suka mayar da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980. In kun ci karo da ɗan gawo, ku kafa masa sanda don kada garma ta bi ta kansa: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya.