Yadda ake saka dikodar DCC a kan ƙaramin jirgin ƙasa na lambu

Tun da na shimfiɗa layin dogo mai faɗin milimita 45 a bayan gidana a unguwar Rayfield da ke Jos, 'yan uwa ke ta tambayata yadda na mayar da kan jirgina ƙirar kamfanin LGB mai aiki da DCC, wato tsarin sarrafa jirgi da umarnin dijital da ake aikawa ta layin dogo. Dikoda ita ce 'yar na'urar da ake sakawa cikin kan jirgin don ta karɓi umarnin. Ga matakan.

1. Gwada kan jirgin tukuna. Wanda ke tsitstsayawa ba zai gyaru da dikoda ba.

2. Goge ƙafafunsa, don ƙurar hunturun Jos na hana wuta shiga.

3. Sayi dikodar manyan jirage. Ta ƙanana ba ta jure ƙarfin wutar.

4. Kwance murfin.

5. Raba wayoyin injin da masu ɗebo wuta daga layi.

Hattara: nan ake ƙona dikoda. Auna da mitar gwajin wuta ka tabbatar babu inda suka haɗu.

6. Haɗa jar waya da baƙar waya na dikodar da wayoyin da ke ɗebo wuta daga layi.

7. Haɗa mai ruwan lemo da mai ruwan toka da injin.

8. Naɗe kowace mahaɗa da tef.

9. Ɗora kan jirgin a kan layin saiti (keɓantaccen layin da ake saita dikoda a kai), ka karanta adireshin, wato lambar da ake kiran dikodar da ita. Sabuwar dikoda na zuwa da lamba 3.

10. Ba shi tasa lambar, sannan ka rufe murfin.